ILMIN ƘERA MANHAJAR WAYA A JAMI'A: INA RABON 'YA'YANMU?

Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni damar in faɗi ɗan abin da na sani game da ilmin da na karanta a jami'a, watau ilmin kwamfuta, musamman sashen ƙera manhajar wayar hannu.

Jama'a, wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. A 2007 aka fito da iPhone, a 2008 kuma wayar Android ta farko ta shiga kasuwa. Yau ko a rumfar mai shayi a Kunci ko Tsanyawa za ka tarar da ita. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara aika wa manoma saƙon karɓar takin zamani ta waya. A farkon 2023 kuwa, da takardun kuɗi suka yi wuya, kowa ya ga yadda mai sayar da awaki ya koma karɓar kuɗinsa ta waya, ko yana so ko ba ya so. To, duk abin nan mutane ne suka zauna suka rubuta shi, kuma a makaranta suka koya.

Mene ne ake koyarwa? Yaron da ke son wannan fanni sai ya ci Turanci da Lissafi da Fizis da kyau, sa'an nan ya nemi gurbi a wuri kamar Jami'ar Bayero ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Dangote. Shekarar farko akwai lissafi mai yawa, saboda haka malamanmu na Lissafi, ga ranar bulalarku ta zo. Daga nan sai a koya masa harshen da kwamfuta ke ji, kamar Java ko Kotlin, da yadda ake adana bayanai, da yadda saƙo ke tafiya daga waya zuwa waya. Akwai kuma Flutter, wanda kamfanin Google ya fitar a 2018, da ke ba mutum damar rubuta manhaja ɗaya ta yi aiki a Android da iPhone. Kafin ya gama zai tafi koyon aiki na wasu watanni, a shekarar ƙarshe kuma ya ƙera tasa manhajar ya kare ta a gaban malamai.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Yawancin littattafan wannan fanni an rubuta su ne domin mutumin da ke da wuta dare da rana, da intanet mai ƙarfi, da waya mai tsada. Manominmu fa? Wayarsa Itel ce ko Tecno, wani ma ƙaramar nan ce mai tocila. Caji sai ya kai wa mai janareto ya biya. Sabis sai ya hau tudu. Data kuwa da lissafi yake sayenta, kamar gishirin miya. Da yawa daga iyayenmu sun fi sakewa da ajami ko saƙon murya a kan rubutun boko.

Ƙera manhajar da za ta yi wa wannan mutum aiki ya fi wuya, kuma a nan ake gane gwani. Dole ta zama marar nauyi. Dole ta riƙe bayanai a cikin wayar har sai an sami sabis. Dole ta yi magana da Hausa, ta bambanta ƙ da k, ɗ da d. Inda babu babbar waya, sai a koma ga lambobin nan masu farawa da tauraro da muke duba kuɗin banki da su, domin su ba sa bukatar data.

Wa zai yi wannan aiki? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ya tashi yana kai taki gona a kan jaki ya san gonakinmu ƙanana ne, gado ya rarraba su, kuskuren shuka ɗaya na iya jawo wa gida yunwa. Ya san mai riɗi kan sayar a ƙofar gida ba tare da sanin farashin Dawanau na ranar ba. Ya san halin da 'yan noman rani na Watari ke shiga idan tumatir ya nuna gaba ɗaya babu mota. Ya san tiya da buhu da adashi. Wannan sani ba ya cikin manhajar kowace jami'a, 'ya'yanmu kuwa da shi suka tashi. Idan ba su shiga fannin ba, wasu ne za su ƙera mana abin da suka ga dama, mu kuma mu biya.

Abin da ke tare musu hanya shi ne kayan aiki. Android Studio, wadda ake ƙera manhajar da ita, tana bukatar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aƙalla gigabait 8. Ni kaina sai da na kai aji uku ina rubuta aikina a takarda, in jira abokina ya yi barci in ari kwamfutarsa in gwada. Na san hazikai daga yankin nan da suka sauya fanni saboda wannan kaɗai.

Saboda haka ina miƙa wa ƙungiya shawarwari uku. Na ɗaya, mu buɗe asusu na saya wa duk ɗalibin makarantar nan da ya sami gurbin karatun kwamfuta kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce. Na biyu, mu sa wa ɗakin kwamfutar makaranta wutar sola. Na uku, mu da muka karanta fannin mu riƙa zuwa lokacin dogon hutu muna koya wa 'yan aji biyar da shida, tare da ƙannenmu mata na makarantun maƙwabta. Na sa sunana a farkon wannan jeri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ina roƙon kada mu tashi yau sai Ma'aji ya buɗe littafi.

Malamanmu, Allah Ya saka muku da alheri. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.