Hoton Dutse, Fure Da Hanya: Abin Da Za Mu Bar Wa Na Baya

(Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya, a Kafanchan)



 An nemi in yi magana a kan ɗaukar hoto, musamman hoton duwatsu masu daraja, da furanni, da wuraren da mutum ya ratsa a tafiya. Na san wani zai ce a ransa, ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, wa ya aike mu hoton fure? Ina roƙon mai wannan tunani ya ba ni aron kunnensa na ɗan lokaci.

Abubuwan nan uku da na lissafa, halinsu ɗaya ne: ba sa zama. Dutse idan ya fito daga rami, kwana kaɗan zai yi a hannun mai shi, sai ya bi dillali ya bar ƙasar. Fure mako ɗaya ko biyu ne, iska ta kaɗe shi. Hanya kuwa kullum sauya kama take yi; inda ka bar kuka da rumfar mai shayi, bayan shekara goma sai ka tarar da gidan mai. Saboda haka maganata yau guda ɗaya ce: mu ɗauki hoton abin da ke wucewa, mu rubuta sunansa da wurinsa da ranarsa, kana mu ajiye shi a wuri biyu.

Bari in fara da dutse. Allah ya albarkaci wannan yanki namu da arzikin ƙarƙashin ƙasa. Tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a wajen Godogodo da tsohuwar Jama'a. Daga baya aka gano safaya, wato dutsen nan da ke cikin dangin yaƙutu, a wajen Nisama da Antang da Gidan Waya, galibi shuɗi mai duhu, wani lokaci kore ko rawaya. Can wajen Gwantu, a ƙaramar hukumar Sanga, ana samun zumurrudu da akwamarin mai launin ruwan teku. A 2016 kuma aka yi ta labarin ƙarfen nikel da aka gano a Dangoma. Da yawa daga cikinmu ko dai sun taɓa shiga rami, ko sun yi dillanci, ko sun saukar da baƙin da suka zo saye daga Senegal da Mali da Gini. Yawancin dutsen nan Bankok ta ƙasar Tailan yake nufa, inda ake gasa shi a wuta launinsa ya washe, a yanka shi, a ɗora a zobe. Wanda ya saye shi a Turai bai taɓa jin sunan Nisama ba.

To, jama'a, a cikinmu wa ke da hoton dutse mafi kyau da ya taɓa riƙewa? Kowa labari yake bayarwa da baki: "Wallahi ya kai girman ƙwan tantabara." Bayan shekara biyar ya zama ƙwan kaza. Jikoki za su ji, su yi dariya, su ce Kaka ya fara tatsuniya. Da akwai hoto, da magana ta ƙare.

Ga yadda ake ɗaukarsa, kuma wayar da ke aljihunka ta isa. Da farko ka goge idon kyamarar da gefen rigarka, domin mafi yawan hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon yatsa ne ya jawo. Kada ka kunna filasha, don haskenta dukan fuskar dutsen yake yi ya dawo fari fat. Ka zauna kusa da taga ko bakin zaure da hantsi, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan wurin kai tsaye. Ka shimfiɗa farar takarda, ka ɗora dutsen, ka ajiye rula ko tsinken ashana a gefensa domin a san girmansa. Ka jingina wayar da kofi ko littafi saboda rawar hannu, ka taɓa dutsen a fuskar wayar har ya fito sarai. Kada ka jawo hoton da yatsa. Kai ka matsa kusa. Idan ka ɗiga masa ruwa kaɗan, launinsa zai fito. Sannan ka ɗauki na biyu da tocila a bayansa, domin hasken da ya ratsa shi ne ke nuna tsaga da dattin da ke ciki. Abu na ƙarshe, kada ka ƙara masa launi da na'ura. Hoton da aka yi wa kwalliya ya zama shaidar zur, kuma idan ciniki za a yi da shi, ya zama algus.

Idan an auna shi, ka rubuta nauyin. Karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, wato karat 5 ke yin giram 1. Wannan rubutu da hoton suna da amfani ko a wajen ciniki. Wanda ya ba dillali dutse ya tafi da shi Jos ko Abuja, in akwai hoto da nauyi a hannunsa, gardamar "ba wannan na ba ka ba" ta ragu ƙwarai. Zumunci da yawa ya lalace a garin nan a kan irin wannan.

Sai dai ina da gargaɗi biyu. Na ɗaya, kada ka watsa hoton dutse mai tsada a Facebook ko WhatsApp alhali yana cikin ɗakinka, kuma kada ka nuna ramin da ya fito. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga, ba sai na faɗa ba. Na biyu, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, haƙa da saye suna bukatar lasisi. Hoto ba ya zama madadin takarda.

Me ya sa nake nanata rubuta wuri? Ku dubi abin da ya faru a nan maƙwabtanmu. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. A 1943 aka sake tono wani kai na yumɓu a wajen Jama'a, har wani ma'aikacin kuza ya kafa shi a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Da aka kai wa Bature Bernard Fagg a Jos, sai ya lura ya yi kama da wancan na Nok. Saboda an san inda kowanne ya fito, aka iya haɗa su, aka gane cewa wata al'umma ce mai fasaha ta zauna a ƙasar nan fiye da shekara 2000 da suka wuce. Yau duk duniya an san sunan Nok, kuma wancan kai da sunan Jama'a ake kiransa. Amma ɗaruruwan irinsu da aka tono a ɓoye aka fitar waje a shekarun 1990, ba wanda ya rubuta ramin da suka fito, sun zama kayan ado kawai a ɗakunan masu kuɗi. Haka hoto yake. Wanda ba a rubuta komai a bayansa ba, maraya ne.

Yanzu sai fure. Mu Hausawa ba mu saba sayen fure mu kai wa mutum ba, amma mun san shi sarai, don da shi manomi ke karanta shekara. Idan hunturu ya kama, gurjiya ta zubar da ganye ta fitar da jan furenta a kan reshe tsirara. Mangwaro ya yi fure, ƙamshinsa ya cika unguwa. Gab da bazara ɗorawa ta sako nata, ja mai kama da tuntun hula. Da damina bado ya rufe kududdufi, yakuwa ta yi fure a bayan gida, kabewa ta hau danga da nata ruwan ɗorawa. Wanda ya ɗauki hoton bishiya guda duk shekara, ya rubuta rana, bayan shekara goma yana da abin da zai nuna idan ana gardamar ko lokutan sun sauya. Kuma bishiyoyin nan ƙarewa suke yi a hannun masu gawayi da masu katako. Akwai yaran da aka haifa a garin nan da suke shan miyar daddawa kullum, ba su taɓa ganin furen ɗorawa ba.

Hoton fure da sassafe ake ɗaukarsa, kafin iska ta tashi, ko da la'asar sakaliya. Rana tsaka tana kashe launi. Ka durƙusa daidai tsayinsa, kada ka tsaya a kansa kamar mai duba rijiya. Ka ɗauki ɗaya kusa, ɗaya kuma daga nesa da ke nuna bishiyar duka da abin da ke kewaye da ita. Iyaye mata, wannan fage naku ne, domin ku kuka san sunayen ganyaye da amfaninsu. Ku sa 'ya'yanku su ɗauka, ku kuma ku faɗi suna a rubuta. In kun san sunansa a bakin maƙwabtanmu Fantsuwam ko Bajju ko Kaninkon, a rubuta shi ma.

Na uku, hanya. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe daga nan zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta baro tsohon mazauninta ta dawo nan. Dattawanmu sun ga jirgin kwal yana shan ruwa a tasha, sun ga 'yan talla suna bin tagogi da ayaba da rake, sun ji yarukan Nijeriya duka a dandamali guda. Ina hotunan? Kaɗan ne ƙwarai, kuma yawancinsu a hannun Turawa suke. Ku tuna da ƙaramin jirgin nan da ya riƙa tafiya tsakanin Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957. An kwashe dogon, ciyawa ta rufe hanyar, abin da ya rage sai hotuna da 'yan kayan da aka ajiye a gidan tarihi na Jos. Don haka saurayin da ya je tasharmu ya ɗauki ginin, da allon sunan gari, da gidajen ma'aikatan reluwe, ba wasa yake yi ba.

Haka nan wuraren da ke kusa da mu. Baƙi suna tasowa daga Abuja su zo kallon ruwan Matsirga da ke zubowa daga kan dutse kusa da Madakiya, mu da muke nan wasunmu ba su taɓa zuwa ba. Ƙarshen damina ya fi kyau, lokacin ruwa ya cika, kuma in rana ta faɗo daidai za ka ga bakan gizo a cikin feshin. Ga duwatsun Kagoro, inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Ga gonakin citta a ƙasar Kwoi da Kachia. Idan za ka ɗauki irin waɗannan wurare, ka juya wa rana baya, ka sa mutum ɗaya a gefe domin a gane girman wurin.

A nan ma akwai ladabi. Gona da gida da wurin ibada na mutane ne. Ka yi sallama, ka nemi izini, in an ce a'a ka mayar da wayarka aljihu. Kada ka ɗauki matar mutum ko 'yarsa ba da yardarsu ba. Kada ka ɗauki shingen jami'an tsaro. In ka ɗauki dattijo a ƙauye, ka wanke hoton ka kai masa. Wannan ɗan abu yana ƙulla zumuncin da dogon jawabi ba ya ƙullawa.

Saura maganar ajiya, kuma ita ce mai nauyi. Garin nan ya ga wuta a 1987, ya gani a 1999, ya kuma gani a watan Afrilu na 2011, lokacin da babbar kasuwa ta ƙone, mutane da yawa a Zonkwa da Matsirga da nan cikin gari suka rasa 'yan'uwa da gidaje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. An sake gina shaguna, an sake sayen katifa da tukwane. Amma ku tambayi duk wanda gidansa ya ƙone, daga kowane ɓangare, zai gaya muku akwai abin da kasuwa ba ta sayarwa: hoton mahaifinsa guda ɗaya tak da ke jikin bango.

A da, fim ɗin Kodak ko Agfa hoto 36 yake ɗauka, mutum ya yi tunani kafin ya danna, ya kai a wanke, ya sa a albam. Yau waya ɗaya tana ɗauke da hoto dubu uku, ta faɗa rijiya ko a sace ta a tashar mota, shi ke nan. Saboda haka ga shawarata. Duk shekara ka zaɓi hoto 20 mafi muhimmanci ka kai a wanke a takarda. Ka rubuta a bayansu da fensir, don tawadar biro tana ratsa takarda: wane ne, ina ne, yaushe ne. Ka ajiye su nesa da bango mai danshi, domin damunar Kafanchan tana manne hoto da ledar albam, ga kuma gara. Ka aika kwafi ga ɗan'uwanka a Kano ko Zariya, ko ka sa yaro ya adana maka a intanet ta akwatin imel ɗinka. Tsofaffin hotunan da ke ƙarƙashin akwati kuwa, a fito da su a makon nan, a ɗauke su da waya, a zauna da tsoffi su faɗi sunayen mutanen da ke ciki tun suna raye.

Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiya su ware akwati ɗaya da littafi ɗaya, duk mai tsohon hoton tasha, ko kasuwa, ko hawan salla, ko ramin kuza, ya kawo a kwafa a mayar masa da abinsa. Samari biyu masu waya mai kyau sun isa wannan aiki.

 Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya albarkaci zuriyarmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.