Ƙurajen Mazaunan Jariri

Kafin mu buɗe littafi yau, ina so mu yi zancen jaririn da ke kwana kuka, an ba shi nono ya ƙi yin shiru. Sau da yawa in uwa ta kwance masa ƙyalle, sai ta tarar mazaunansa da matsematsinsa sun yi ja wur.

Wannan ba maita ba ce, damshi ne. Fatar jariri ba ta kai tamu kauri ba. In fitsari da kashi suka daɗe a kanta, sai su ci ta, ƙyalle kuma ya yi ta gugar wurin. Zawo yana ƙara tsananta abin.

Ga abin yi. Na ɗaya, da zarar yaro ya ɓata ƙyalle ko famfas, a canja. Ko bai yi kashi ba, a duba shi bayan awa 2 ko 3. Na biyu, a wanke shi da ruwa mai ɗumi. In mace ce, a wanke daga gaba zuwa baya. A tsane ruwan a hankali, ban da gurzawa. Na uku, a kwantar da shi a kan zane mai tsabta, ba kome a jikinsa, ya sha iska. Na huɗu, a shafa basilin don ya tare damshi. Kada a barbaɗa hoda, gama yaro yana shaƙarta. Kada a shafa man bilicin ko toka.

Ƙyallen kuwa a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Uwa ta wanke hannunta. Ku magidanta, sabulu da ƙarin ƙyalle suna wuyanku.

In an yi kwana 3 ba sauƙi, a tafi asibiti. In akwai zazzaɓi, ko mugunya, ko fata ta fashe, a tafi ran nan. Ja mai tsanani a cikin matsematsi, da ƙananan ɗigo kewaye, yana bukatar maganin da ma'aikacin lafiya zai bayar. Jinkiri kan mai da ƙurji miki.

To, ku ɗauki fensir. Kowa ya rubuta: wanke, tsane, sha iska. In kun koma gida, ku karanta wa mutanen gidanku.