Abin da ke Ɓoye a Ɗakin Ajiya



Da sakataren ƙungiya ya ce in yi magana a kan gidajen adana kayan fasaha, sai da na yi dariya, domin duk wanda muka yi aji ɗaya ya san ni ne malamin zane ya taɓa tambaya ko doki na zana ko tebur. To amma tun da na yi ritaya jikata ta koya mini shiga intanet, kusan kullum sai na zaga wani gida da ban taɓa taka ƙofarsa ba, wato gidan Metropolitan da ke birnin New York a Amurka. A kansa zan yi ɗan bayani, sannan in dawo gida da roƙo.

An kafa wannan gida a 1870, kuma yana riƙe da kayayyaki fiye da miliyan ɗaya da rabi. Abin da baƙo yake gani a zaurukansa kaɗan ne daga ciki, sauran suna ɗakunan ajiya na musamman. Akwai dalili. Takarda da tufafi ba sa jure haske, yana cinye launinsu kamar yadda rana ke kashe rigar da aka manta a kan igiya. Saboda haka akan fito da irinsu na 'yan watanni ne a mayar, mai bincike kuwa sai ya nemi izini kafin a nuna masa.

A watan Fabrairu na 2017 gidan ya saki hotunan kayansa kimanin 375,000 a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. A nan na ga wani shafin Alƙur'ani mai girma da aka rubuta da ruwan zinariya a kan fata rinanniya da shuni, wanda ya haura shekara dubu. Na yi ta faɗaɗa hoton ina bin harafi ɗaya bayan ɗaya, launin kuwa sai ya tuna mini marinar Ƙofar Mata. Haka kuma a watan Janairu na 2020 sun buɗe baje kolin fasahar daulolin Sahel, ciki har da mahayin doki na yumɓu da aka tono a Bura ta ƙasar Nijar, wanda suka aro daga Yamai. A watan Maris annobar korona ta sa aka rufe gidan, a shekarar da ya cika 150 da kafuwa. A watannin nan duk mai son ganin kayan sai dai ya leƙa ta intanet.

Na san wani zai ce hoto ba kamar gani da ido ba ne. Gaskiya ne, amma da babu gara ba daɗi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina ma shi ne bayanin da ke ƙarƙashin kowane hoto: inda aka yi abin, lokacin da aka yi shi, da hannuwan da ya bi kafin ya iso. Waɗanda suka ga FESTAC ta 1977 za su tuna fuskar Sarauniya Idia ta Benin da aka yi wa bikin tambari da ita. Wannan tana Landan, 'yar'uwarta kuma tana Metropolitan, dukkansu na hauren giwa, an kwashe su ne lokacin da sojojin Ingila suka ci Benin da yaƙi a 1897. A 2021 gidan ya mayar wa Nijeriya allunan tagulla biyu na Benin, bayan bincike ya nuna daga gidan tarihi na Legas suka salwanta. Da ba a taɓa rubuta su an ɗauki hotonsu ba, da wace hujja za a karɓo su?

Yanzu ga roƙon. Bara na leƙa tsohon ɗakin zane na makarantarmu. Gara ta cinye rabin zanen da muka bari, ruwan sama ya lalata wasu. A cikin wani kwali na sami hotunan 'yan wasan ƙwallo da na ranar rabon kyaututtuka, babu suna babu shekara a bayansu. Mutum uku kawai na iya ganewa. Laifin namu ne, mu da muka tafi ba mu waiwayo ba.

Ina roƙon kowa ya duba akwatinsa. Duk mai tsohon hoto, ko mujallar makaranta, ko zane, ko lambar yabo, ya ɗauke shi da wayarsa a wuri mai haske, ya rubuta sunayen mutanen ciki da shekarar, ya miƙa wa sakatare kafin taro mai zuwa. Malamanmu kuwa muna roƙon ku ba mu yini guda ku zauna da mu, domin ku ne kuka san fuskokin da muka manta. Duk shekara muna karanta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kowannensu kuma ya tafi da abin da ya sani.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ƙara wa malamanmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.