CIWON DA AKE ƁOYEWA: Jawabi Kan Baƙin Ciki da Kisan Kai

Yau za mu yi magana a kan abin da ba a son ambatonsa ko a zaure ko a tsakar gida, watau mutum ya kashe kansa.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara. Kada wani ya ce abin na Turai ne. Yana aukuwa a ƙasar Yawuri, daga Shanga har Ngaski, sai dai dangi su rufe, su ce ciwon ciki ne. Addininmu ya haramta shi, Musulmi da Kirista duka. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa wadda ta fara aiki a 1960 ita ma ta lasafta yunƙurinsa cikin laifi. Ga kuma tsoron kada a ƙi auren 'ya'yan gidan. Don haka wanda tunanin ya dama sai ya yi gum, yana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, wannan shirun shi ne babban haɗari.

Yawancin masu wannan tunani ba mutuwar suke so ba, azabar da ke zuciyarsu suke so ta ƙare. Sau da yawa kuwa tushenta ciwo ne, wanda likitoci ke kira ciwon damuwa. Yana kama mai yawan ibada kamar yadda zazzaɓi ke kama shi, kuma yana da magani.

Babbar hasara takan tayar da shi. Tsofaffinmu sun san abin da mutanen gungu suka ji a 1968, sa'ad da ruwan Kainji ya cinye garuruwansu da gonakinsu da kaburburan iyayensu. A 2021 jirgin ruwa ya nutse da mutane masu yawa kusa da Wara, ba a yi wata guda ba aka sace 'yan makaranta a Birnin Yawuri. Ambaliya takan cinye shinkafar da aka noma da bashi. Maijego ma yakan kama ta bayan haihuwa. Baƙin ciki a irin wannan hali ba abin mamaki ba ne. Amma idan ya wuce mako biyu yana ƙaruwa, ya hana mutum aikinsa, lalle a kula.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ga alamun da za ku duba: mutum ya daina barci, ko abinci ya fita ransa, masunci ya bar komarsa ta ruɓe a bakin ruwa, mace ta daina shiga mutane, ta yi ta kuka ba dalili, saurayi ya ƙara shan ƙwaya. Mafi tsanani, ka ji yana cewa ya zame wa mutane kaya, ko yana rabar da abin hannunsa, yana neman gafara alhali ba tafiya zai yi ba.

Idan kun ga haka, ga abin yi.

Na fari, ka keɓe da shi, ka tambaye shi a fili, "Ɗan'uwa, kana tunanin kashe kanka ne?" Tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sauƙi ma takan kawo. Ka saurara. Kada ka yi masa dariya, kada ka fara da tsoratarwa da wuta, don ya riga ya san hukuncin, taimako ya rasa.

Na biyu, kada a bar shi shi kaɗai. Wannan tunani kamar guguwar tafki yake, yakan taso da ƙarfi, daga baya kuma ya lafa.

Na uku, a kulle maganin ƙwari da na ciyawa a cikin akwati, mabuɗin yana hannun wani dabam. A duniya, kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu da irin wannan guba ce. Ƙasar Siri Lanka da ta hana sayar da mafi dafinsu, mace-macen sun ragu ƙwarai. Wanda ya riga ya sha kuwa, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar.

Na huɗu, a kai shi ga malamin asibiti ko Babban Asibitin Yawuri. In ciwon ya yi nauyi, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Maganin yakan yi makonni kafin a ga amfaninsa, kada a yanke shi. A ci gaba da addu'a, gama neman magani ba ya hana dogara ga Allah.

Gidan da abin ya riga ya auku kuwa, kada ku guje su. Ku je musu ta'aziyya, domin su ma suna cikin haɗarin ciwon.

Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Kai da ke saurarena, in kai ne abin ya dama, ka gaya wa wani da ka amince da shi yau ɗin nan, kada ka jira gobe.

Sai mako mai zuwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.