Zaɓen Fitila ga Tankin Murjani da Ƙumbar Teku a Yanayin Kudancin Kaduna

Takarda da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman kimiyya a Kafanchan



Gabatarwa

Daga Jere har Kafanchan, in aka ce kiwon kifi, tarwaɗa da karfasa ke zuwa a rai, kuma waɗannan hasken rana ya ishe su. Tankin gilashi na ruwan gishiri, irin wanda makaranta za ta so a ɗakin gwaje-gwaje ko otal a zauren baƙi, lamarinsa daban ne. A cikinsa fitila ita ce abincin murjani da ƙumba, don haka zaɓenta ya fi ƙarfin ido ya gani ya yaba.

Me ya sa haske abinci ne

Jan murjanin da muka sani a wuyan amare daga Bahar Rum asalinsa yake, yana rayuwa a kogunan dutse masu duhu, ba ruwansa da haske. Murjanin tsauni kuwa, irin na Bahar Maliya a gaɓar Jidda, dabba ce da ke ɗauke da ƙananan gansakuka a cikin tsokarta. Gansakukan na sarrafa haske su zama sukari, kuma suna iya biya wa murjanin har kashi 90 cikin ɗari na buƙatarsa. Haka ƙumbar teku ta jinsin Tridacna: tana buɗe baki ta shimfiɗa leɓenta mai zane kamar an baza shanya, don haske ya sauka kan gansakukan da ke ciki.

Launi da ƙarfi

Ruwan teku yana shanye jan haske tun a mitocin farko, shuɗi ne ke kutsawa ƙasa. Shi ya sa gansakukan suka fi cin moriyar shuɗi mai tsawon zango wajen nanomita 440 zuwa 470. Idon mutum ya fi jin kore da ruwan ɗorawa, saboda haka fitilar da ta kashe mana ido tana iya barin murjani da yunwa. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne PAR, wanda ke ƙirga hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700. Masu kiwo sukan ba murjani mai laushi PAR 50 zuwa 150, mai rassa irin Acropora 200 zuwa 400. Cikin jinsin Tridacna, ƙumbar crocea da maxima sun fi kowa kwaɗayin haske, sama ake ɗora su kusa da fitila. Derasa da squamosa na haƙuri da ƙasan tanki. Wato sai an tsai da abin da za a kiwata kafin a je kanti.

Fitilu uku da lissafin batir

Fitilar halayid, mai wat 250 ko 400, tana da ƙarfi amma zafinta kamar murhu. Dogon ƙwai na T5 yana baza haske ko'ina, sai dai ana canza shi kusan duk shekara. Ta uku ita ce LED, wadda shuɗinta ya jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura lambar Nobel a 2014.

Mu ɗauki batir mai bolt 12, amfiya-awa 200, wanda aka saba gani a gidajen masu inbata. Yana riƙe wat-awa 2,400, kuma irin na dalma rabinsa kawai ya kamata a zuƙe. Halayid mai wat 250 a awa 9 tana cin 2,250. LED mai wat 100 a awa 9 ɗin tana cin 900. In aka saita ta daga hantsi zuwa la'asar, faifan sola ne zai ɗauki nauyinta kai tsaye, batir ya huta ya jira famfon da ke juya ruwan tanki. Wannan na da muhimmanci, domin murjani na jure kwana biyu cikin duhu, amma in ruwa ya tsaya cik iska na ƙarewa cikin awoyi kaɗan.

Zafi da ƙura

Ruwan tanki yana son digiri 24 zuwa 27. A watan Maris da Afrilu ɗakunanmu kan wuce haka tun ba a kunna komai ba. In zafi ya haɗu da haske mai ƙarfi, murjani na korar gansakukansa ya koma fari fat. Abin da ya sami babban tsaunin murjani na Ostireliya ke nan a 2016 da 2017 da 2024. Don haka sabuwar fitila a fara ta da rabin ƙarfi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin wata guda. A sa fanka tana hura saman ruwa, abin da ya tsotse a cike da ruwan daɗi tatacce, kada gishiri ya zarce giram 35 a lita. Lokacin hunturu kuma, ƙura da ɓawon gishiri kan taru a gilashin fitila su rage haske ba a sani ba. A goge shi duk mako da tsumma mai danshi.

Kammalawa

Shawarata ga makarantar da ke son gwadawa: LED mai ƙarfin shuɗi da ake iya ragewa, awa 8 zuwa 10 a rana, a kan sola. A fara da murjani mai laushi, ƙumba ta jira sai tanki ya shekara. A kuma tuna gaɓar tekun Nijeriya ba ta da tsaunin murjani, saboda laka da ruwan daɗin da koguna ke kwararowa. Duk abin da za a saka daga waje zai zo, kuma Tridacna da murjani mai tauri suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. A nemi takardar izini a hannun mai sayarwa kafin a miƙa kuɗi.