Maganiziyam da Maganin Mafitsara: Ina Haɗarin Yake?



A ƙauyukan ƙasar Tofa, kamar sauran wurare, akwai dattawa maza da mata da fitsari ke matsa wa, har ba sa iya riƙe alwala daga Magariba zuwa Lisha, da dare kuma su tashi sau uku ko huɗu. Idan likita ya tabbatar ba ciwon sukari ba ne, ba tsargiya ba ce, ba kumburin mararraba ta fitsari a jikin namiji ba ne, watau mafitsara ce ke matsewa tun ba ta cika ba, yakan ba da oksibutinin, wanda Amurka ta amince da shi a 1975, ko solifenasin.

Waɗannan magunguna suna kwantar da mafitsara, amma suna busar da baki, su rage zufa, su ɗaure ciki. To, a nan ne maganiziyam ke shigowa. Ɗa ma'aikaci yakan sayo wa tsohonsa ƙwayoyinsa daga birni, ko farin ruwan maganin nan na ƙwannafi da ake sayarwa a kemis, wanda shi ma yana ɗauke da shi, domin yana sassauta ciki.

Shin haɗa su laifi ne? Galibi maganiziyam ba ya karo da maganin mafitsara kai tsaye. Haɗarin yana wurare biyu.

Na farko, ƙoda. Ita ce ke fitar da rarar maganiziyam daga jini. Tsohon da hawan jini ko sukari ya raunana masa ƙoda, abin yakan taru a jikinsa, ya kawo kasala da faɗuwar jini da tafiyar hawainiyar zuciya. Masana a Amurka sun ƙayyade a 1997 cewa kada babba ya wuce miligiram 350 na ƙwaya a rana.

Na biyu, mai ciwon mafitsara sau da yawa yakan kamu da ƙwayoyin cuta, a ba shi sifurofuloksasin. Maganiziyam yakan kama wannan magani a hanji ya hana shi shiga jini, mutum ya gama sha cutar tana nan, ta haura zuwa ƙoda. Ƙa'ida ita ce a sha maganin awa 2 kafin maganiziyam, ko awa 6 bayansa.

Har wa yau, mutumin Tofa ba shi da bukatar neman maganiziyam a kwalba, alhali kuwa yana cikin gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi na rumbunsa.

Saboda haka, jama'a, duk wanda zai kai mahaifinsa ko mahaifiyarsa asibiti, ya tattara kowane magani da ke ɗakin, har da kanwa da saiwa, ya ajiye a gaban likita, ya kuma roƙi a auna ƙoda.