Zari-ruga a Gonakin Dambatta

A birnin Kano akwai ƙungiyar ƙwallon zari-ruga mai suna Barewa, wadda ta fitar da samarinmu zuwa gasa har Legas. Amma ku leƙa ƙauyukan Dambatta, Bichi da Makoɗa bayan kaka, idan an kwashe gero da dawa fili ya buɗe. Samari na kokawa, yara na langa da ƙafa ɗaya, kowa ya iya kama abokin karawa ya kayar, ya iya faɗuwa ya miƙe ba fushi. Ai rabin zari-ruga ke nan! Ni dai yana damuna a ce yaran nan ba su taɓa riƙe ƙwallon mai siffar ƙwai ba, alhali tafiyar mota kaɗan ce tsakaninsu da masu koyarwa.